Magen da Ba Ta Waiwaye

A gidan mahauci ba a rasa nama, amma hanta ba ta kowa ba ce. Ubana ya koya mini haka tun ina riƙe masa ƙafar sa a mayanka: tsoka ta mai saye ce, ƙashi na mai miya, hanta kuwa ta wanda kake ganin girmansa. Ko ranar Layya ita ake fara gasawa a miƙa wa babba. Ni ban iya daɗin baki ba, karatuna ma bai wuce na allo da 'yan shekarun lakwal, wato makarantar boko, ba. To da na yi aure, abin da bakina ya kasa faɗi sai hannuna ya riƙa yankawa. Kullum kafin in shimfiɗa nama a kan tebur a kasuwa, nakan yanke gefen hanta mai kyau, in naɗe a takarda, in ajiye gefe. Da azahar in kai wa maiɗakina gida, a unguwarmu ta Ladjifarani. Takan karɓa da hannu biyu ta ce, "Sannu, Malam. Allah ya ƙara buɗi." Iyakar hirarmu ta ƙauna ke nan har muka tsufa.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Ta yi karatun jinya, aka tura ta aiki Djougou, da mu muke cewa Zugu, ta yi aure a can. Gidanmu na Parakou ya yi mana faɗi. Wata rana sai ga ta da kwando a rufe, ta ajiye gaban uwarta, ta buɗe.

Na leƙa. 'Yar mage ce, amma ba irin namu masu bin katanga ba. Launinta toka-toka mai ɗan shuɗi, kamar hadarin da ke haɗuwa a gabas kafin ruwan farko. Gashinta gajere ne, sai dai cunkus, in ka tura yatsa ya nutse kamar a jikin tunkiya. Kumatu cike, bakin a ɗan lanƙwashe kamar mai murmushi. Idanun kuwa launin manja a cikin cokali.

"Sharturo ake ce wa irinsu, Baba," in ji Uwata. "Wata likita Bafaranshiya da muka yi aiki tare za ta koma gida, magenta ta haihu, ta ba ni ɗaya. Na kawo wa Inna ta ɗebe mata kewa. Har takardar asali gare ta, an rubuta uwarta da ubanta da kakanninta."

Na ce, "To madalla. Ni mai gidan ban san shekarar da aka haife ni ba, ga baƙuwa ta zo da sunan kakanta. Sai mu tashi mu ba ta kujera."

Maiɗakina ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Magen ta fito daga kwandon, ta wuce ni, ta wuce Uwata, ta je ta zauna kusa da ƙafar maiɗakina. Shi ke nan, ta zaɓa.

Halin irinsu ke nan, daga baya na gane: mutum ɗaya suke ɗauka a gida. Sauran jama'a ba ta ƙi su ba, ba ta taɓa yakushin kowa ba. Ko yaran maƙwabta in sun dame ta, tashi take yi ta bar musu wurin. Amma maiɗakina ce tata. In ta shiga madafa, magen tana bakin ƙofa. In ta tayar da salla, tana gefen tabarma har a sallame. Ba ta son a rungume ta, kusa take so, ba kan cinya ba. Matan unguwa suna cewa sun zama hanta da jini.

Abin da ya fi ba ni mamaki shirunta ne. Takan ɗaga kai ta buɗe baki kamar za ta yi kuka, ka ga jan harshe, ba ka ji komai ba. In an yi sa'a sosai ka ji wani ɗan sauti kamar na tsuntsu. Na ce wa maiɗakina, "Wannan bebiya aka kawo mana?"

Ta ce, "Tana magana, Malam. Kai ne ba ka dubawa."

Sun dace da juna, don ita ma haka take. Duk abin da ka tambaye ta, "ba komai" ce amsarta.

Ita ta san hidimar magen kaf. Da hantsi takan zauna bakin ƙofar ɗakinta da wani ƙaramin mataji ta taje ta, don gashin ninki biyu ne, in zafi ya taso na ƙasan yana zuba, in ba a cire ba ta haɗiye shi wajen lasa. Ta ware mata wuri kusa da randa inda yashi ke da sanyi, tana sake mata ruwan sha safe da yamma. Ba ta barinta ta fita titi, ta ce mage mai yarda da kowa ba ta daɗewa a waje. Abinci kuwa Uwata ke aiko da buhun busasshen abincin kyanwa, kurokat suke ce masa, a haɗa mata da dafaffen naman kaza ko kifin da aka cire wa ƙaya. Ni ina ganin wannan cin fuska ne. Mage a gidan mahauci tana tauna abu kamar tsakuwa? Wata rana na yanki ɗan guntun hantar da na kawo na jefa mata. Ta cafe kafin ya taɓa ƙasa.

Maiɗakina ta ce, "Malam, wannan rabona ne. Ita an ce kar a yawaita mata."

Na yi dariya na ce, "Yau kuma rowa za ki yi wa 'yarki?" Ta yi murmushi, ba ta ƙara ba. Ni kuma na ɗauka wasa ne.

Ciwon maiɗakina a hankali ya shigo. Na ga tana yawan dafa bango in za ta tashi, na ga zanen ya fara yi mata yawa. Na tambaya, ta ce ba komai, gajiya ce. Na ce to jini ne ya yi ƙasa, na ƙara girman yankin da nake kawowa, don kowa ya san hanta tana ƙara jini. Sai da Uwata ta zo ganin gida ta dubi uwarta sau ɗaya, ta fita ta tare mota. A asibiti suka ce da an zo tun da wuri. Ban tambaye su ƙarshen maganar ba.

Wata la'asar ina zaune bakin gadonta, ta buɗe ido ta ce, "Malam, magen nan. Ka riƙe mini ita amana. Ba za ta faɗa maka komai ba, sai ka duba."

Na ce, "Ke za ki koma ki riƙe abarki."

Ba ta koma ba.

Bayan an share makoki na koma kasuwa. Ranar farko hannuna ya yanke gefen hanta, ya naɗe a takarda, ban ma sani ba sai da na iso ƙofar gida da ƙunshin. Na tsaya a tsakar gida kamar baƙon da ya ɓata hanya. Magen ta fito daga wajen randa, ta zo gabana, ta ɗaga kai ta buɗe baki ba sauti. Na tsuguna na buɗe takardar. Ta cinye tas.

Daga ranar rabon ya koma nata. Buhun kurokat na nan a kusurwa, in na zuba mata sai ta shinshina ta kau da kai, na ce ai ga shi nan, ita ma ta san abin kirki. Ƙwari suka shiga buhun na zubar. Uwata in ta kira a waya ta ce, "Baba, magen Inna tana cin abinci?" in ce, "Tana cin abin da ko gwamna bai samu ba." Ta yi dariya, ba ta bi ba'asi ba.

Ina da aboki da teburinsa ke jikin nawa a kasuwa, mutumin unguwar Ganou, tare muka tashi. Shi ya fara lura da ƙunshin.

"Kai tsoho, wa kake kai wa hanta yanzu? Ko an yi sabon ɗauri ba a gayyace mu ba?"

"Mage nake kai wa."

Ya ajiye wuƙa ya riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku ga angon mage! Nawa ka biya sadaki, ɓera nawa?"

"Ɓeran gidanku ai sun ishi sadakin mage goma."

Sunan ya bi ni. Har masu kawo mana shanu daga ruga suka ji, in sun hango ni su ce, "Angon mage, ya amarya?" Ban ji haushi ba. A raina ina cewa amana nake riƙewa, kuma da mafi kyan abin da nake da shi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A cikin wannan tsakanin magen ta fara canzawa, kaɗan-kaɗan yadda mai gani kullum ba ya lura. Ta daina hawa taga. Ƙadangaren da da ba ya tsallake tsakar gida da rai ya riƙa wucewa ta gaban hancinta. Gashin bayanta ya cukurkuɗe, ya daina sheƙi, don ta bar lasar jikinta. Na ce baƙin ciki ne, ni ma ai na bar gyaran gemu.

Sai ta ɗauki wani irin zama. Takan je bakin ƙofar ɗakin maiɗakina, inda ake taje ta da, ta zauna a kan ƙafafun baya, ta miƙe ƙirji, ƙafafun gaba sun ɗan tashi daga ƙasa, kamar mutum zaune a kan kujera 'yar tsuguno. Fuskarta na kallon cikin ɗakin. In na kira ta daga baya, kunnuwa su motsa, kan ba ya juyowa. In na tafa hannu, ba ta waiwaye. Rana tsaka, hasken duniya duk a waje, ita tana kallon duhun ɗakin nan da bakin nan mai murmushi.

Ranar da na fara ganin haka na ja da baya. Na san abin da malamai suka ce, wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa ɗakinsa. Na sani. Amma na tarar da kaina ina rage murya in zan wuce ta wurin. Na fara yin sallama a ƙofar ɗakin da ba kowa. Wata azahar na ajiye mata hantar a gabanta, bakina ya suɓuce na ce, "Ga shi nan, na kawo." Ban san wa nake gaya wa ba.

Abokina ya zo duba ni, ya gan ta a zaune haka. Dariyar ta ɗauke masa. Ya ja ni zaure ya ce, "Kai, wannan ba zaman mage ba ne. Wani abu ya shige ta. Sa ta a buhu mu kai ta bayan gari, wajen Tourou, mu sake ta a daji."

Na ce, "In ka ƙara faɗin haka, kar ka sake tako gidan nan."

Ya ce, "To kai ta wurin likitan dabbobi mana."

Nan ma na ƙi. Likitocin dabbobin Parakou su ne masu duba mana nama a mayanka, sun san ni tun gemuna baƙi. In shiga wurinsu rungume da mage, ai angon mage ya tabbata har kabari. Ban da haka, can ƙasan zuciyata ba na son kowa ya ce mini ciwo ne.

Da babbar Salla Uwata ta zo. Na yanka rago, na gasa hanta kamar yadda aka saba, na miƙa mata nata, na ɗauki wani yanki na nufi bakin ƙofar ɗakin. Ta biyo ni da ido. Da ta ga zaman magen sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, tun yaushe take haka?"

Na yi ƙasa da murya na ce, "Uwarki take gani."

Ta je ta durƙusa, ta sa yatsa biyu a bayan wuyan magen, ta ɗan danna. Magen ta buɗe baki iya buɗewa, duk jikinta ya ɗauki rawa, sauti bai fito ba. Uwata ta juyo, idonta ya cika.

"Baba, ciwo ne. Ihu take yi."

Na ce ita yarinya ce, me ta sani. Ta ce gobe za ta tafi da ita Zugu, akwai wani likitan dabbobi maƙwabcinsu. Na ce amana ni aka ba, ba ita ba. Ta ce, "To amanar ce zan kai asibiti. In za ka zo, ka zo." Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Muryar mahaifiyata ce sak.

Washegari muka shiga mota, kwandon yana kan cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai in ji magen ta sandare a ciki. Gonakin doya da itatuwan kaju suna wucewa, buhunan gawayi jere bakin hanya, ni ba abin da nake ji sai nauyin kwandon, wanda ya fi sauƙi a kan yadda na zata.

Likitan matashi ne, yawancin aikinsa shanu da tumaki. Ya gaishe ni da ladabi, ya ɗora ta a kan tebur. Ya kaɗa makulli ta gefen kunnenta. Maimakon ta juya kai, sai ta taka a hankali ta juyo da duk jikinta. Suka yi Faransanci da Uwata, na tsinci kalma ɗaya biyu. Sannan ya dube ni.

"Baba, me take ci?"

Na gyara tsayuwa. "Hanta. Ta sa, sabuwa, da ɗuminta. Ni mahauci ne."

"Sai me kuma?"

"Me za a ƙara a kan hanta?"

Ya ce hanta tana da wani sinadari mai amfani, amma jikin mage ba ya iya zubar da rararsa. Ɗan guntu jefi-jefi ba laifi. In ta zama abincin kullum, sai abin ya taru, ƙashi ya riƙa tsirowa inda bai kamata ba, gaɓoɓin wuya su manne kamar an yi musu walda. Shi ya hana ta waiwaye, shi ya hana ta lasar baya. Zaman mutum da take yi kuwa, nauyi take ɗauke wa wuyan da ƙafafun gaba.

Ya ga ban gamsu ba, sai ya kama yatsana ya ɗora a bayan wuyanta. Ni na san wuya. Ido rufe zan nuna maka gaɓar da wuƙa ke shiga ta raba, a sa ko a rago. Na bi da yatsa ina neman wannan 'yar ƙofar tsakanin ƙashi da ƙashi. Babu. Tun daga ƙeya har kafaɗa sanda ɗaya ce mai ƙulle-ƙulle. Da na taɓa sa hannu a wurin ko sau ɗaya, da ba sai wani ya gaya mini ba.

"Zai sake?" na tambaya.

"Abin da ya manne ya manne, Baba. Amma in an daina hantar ba zai ci gaba ba, kuma akwai maganin rage zafi. Matsalar irin waɗannan, ba sa kuka. Mai su ne zai duba."

Na zauna a kan bencin da ke wurin. Na taɓa jin wannan maganar, a wata la'asar, a bakin wani gado.

Uwata ta ce magen za ta zauna wurinta. Ban yi gardama ba, ba ni da bakin yi. Na koma Parakou da kwando fanko. Da safe a kasuwa hannuna ya sake nufar gefen hanta. Na tsayar da wuƙar a sama. Abokina ya gani, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi fuskata, ya rufe. Da ya nisa ya ce, "Yanka mana, tsoho. Akwai wata gyatuma a layinmu da ba ta da kowa. Ni zan riƙa kai mata, ladan ya je inda kake so." Haka muke yi har yau.

Sai da aka girbe doya Uwata ta kira. Ta ce magen ta koyi cin kurokat da kaza bayan an sha fama, ta yi ƙiba kaɗan, amma ba ta sake da kowa a gidan ba, kullum tana bakin ƙofar fita. Ta ce, "Baba, zan dawo maka da ita. Amma hanta ba za ta sake shiga gidanka ba, ko ta Layya."

Na ce, "Na ji, Uwata."

Yanzu tana nan. Na ɗora kwanon abincinta da na ruwa a kan bulo, don ba ta iya sunkuyawa. In zan yi mata magana sai in zagayo ta gabanta in tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. Da hantsi nakan ɗauko ƙaramin matajin maiɗakina in taje mata baya da ƙeya, wuraren da harshenta ba zai sake kaiwa ba. Hannun da ya saba da fiɗa ya daɗe kafin ya koyi sassauci. Nakan duba idonta, in duba yadda ta taka, in duba abin da ta bari a kwano. Gashin ya dawo da shuɗinsa.

Abu ɗaya ne ban gaya wa Uwata ba. Tunda na san dalilin zaman nan, na ce bari in raba ta da ƙofar ɗakin. Na shimfiɗa mata tsumma a ƙarƙashin mangwaro, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi, na ajiye ta tana fuskantar zaure, ta riƙa ganin masu shigowa. Ta zauna jim kaɗan. Sannan ta tashi, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗaya, tana juya jikin nan gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu a ka, har fuskarta ta daidaita da ƙofar ɗakin. Ta zauna. Ta buɗe baki.

Likita zai ce nan ta saba a taje ta. Wataƙila haka ne. Na gwada sau da yawa, kullum sai ta juya. Yanzu na bari. A bakin ƙofar nake taje ta, ni ina bayanta, mu duka muna kallon ciki.